Yadda Ake Ziyartar Kogon da Kogi ke Gudana a Cikinsa

Ruwan sama kan kwaso ɗan tsami daga iska da ƙasa, ya sulale cikin tsagar dutsen farar ƙasa yana cin sa a hankali. Bayan dubban shekaru sai tsaga ta zama hanya, hanya ta zama kogo, ruwa kuma ya ci gaba da tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya ga rana ba. An gyara wasu daga cikin irin waɗannan wurare domin masu yawon buɗe ido, an sa fitilu da matattakala da 'yan jagora. Amma duk gyaran da aka yi, ruwan ne mai gida, kuma da shi za ka tsara tafiyarka tun daga farko.

Mataki na farko, zaɓi kogon da ƙafarka za ta iya. Ba duka suke ɗaya ba. A Padirak da ke Faransa, ana sauka ne ta wani ƙaton rami mai zurfin mita 75, ko ta lifta ko ta matattakala, sannan a shiga kwale-kwale a kan kogin da ke mita 103 ƙarƙashin ƙasa. Edouard-Alfred Martel, wani Bafaranshe mai binciken kogo, shi ne ya bi wannan ruwa a 1889. A Shkosiyan da ke Sulobeniya kuwa babu jirgi, tafiyar ƙafa ce da ɗaruruwan matattakala, har ka tsallaka wata gada da ke kusan mita 45 sama da kogin Reka, kana jin rugugin ruwan a ƙirjinka. A Puwato Firinsesa, a tsibirin Palawan na Filifin, sai ka fara shiga jirgi ta teku kafin ka kai bakin kogon, domin kogin mai tsawon kilomita 8.2 kai tsaye yake zuba cikin teku. Idan kuna tare da dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko ƙaramin yaro, tambayi yawan matattakala da tsawon lokaci kafin ka biya kuɗi. Wanda kuma ƙuntataccen wuri ke tayar masa da hankali, a faɗa masa gaskiyar abin da zai tarar, kada a lallashe shi ya shiga.

Na biyu, duba lokacin ruwa. Wannan ne mutane suka fi mantawa da shi. Ruwan da aka tafka a kan tsauni jiya, yau yana cikin kogo. A Jeita da ke Labanon, akan rufe ɓangaren ƙasa, wanda ake shiga da jirgi, lokacin hunturu idan ruwa ya cika. Padirak ma ba ya buɗewa a watannin sanyi. A Palawan, igiyar teku kaɗai ta isa a soke tafiyar yini guda, kuma sai da takardar izini ake shiga. Saboda haka ka sayi tikiti tun da wuri, ka lura da sa'ar da aka rubuta maka, kuma kada ka ajiye wannan ziyara sai ranar ƙarshe ta hutunka. Sa ta a farko ko a tsakiya, yadda idan an ɗage za ka samu wata rana.

Na uku, sutura. Yanayin cikin kogo ba ya bin na waje, kusan daidai yake da matsakaicin zafin yankin na shekara gaba ɗaya. A Padirak digiri 13 ne a ma'aunin Salshiyas, a Fostoina ta Sulobeniya kusan 10, ko da a waje ana zufa. Ɗauki rigar sanyi da wadda ba ta shan ruwa, domin rufin yana ɗiga. Takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa; silifa ba ta da wuri a nan, daɓen a jiƙe yake kullum. Jaka ƙarama ta wadatar. Ka kuma kewaya tun a waje, galibi babu banɗaki a ciki.

Na huɗu, shiga jirgi. Jira matuƙi ya nuna maka wurin zama, shi ya san yadda zai raba nauyi. Idan an ba ka rigar kariya daga nutsewa ko hular kwano, sa su ka ɗaure da kyau. Hannunka ya tsaya cikin jirgi, kada ka miƙe tsaye, kuma in ya ce a sunkuya, a sunkuya nan take. Inda akwai jemagu, rufe baki idan za ka ɗaga kai.

Na biyar shi ne wanda na fi so ka riƙe: kada ka taɓa dutsen. Za ka ga wasu tsinaye suna reto daga rufi, wasu suna tasowa daga ƙasa, wasu sun haɗe sun zama ginshiƙi. Ɗigon ruwa ne ya gina su, kowane ɗigo ya bar ɗan ɓurɓushin farar ƙasa ya wuce. A wurare da yawa santimita ɗaya kan ci shekara ɗari. Maiƙon tafin hannu yana ɓata fuskar dutsen, ya dusashe, ɗigon ya daina kama wurin yadda ya saba. Haka ma hoto: a Jeita da Waitomo ta Niyuzilan an hana ɗauka a ciki, inda aka yarda kuma yawanci ban da filasha. Haske mai yawa kan sa gansakuka ta fito a bango, shi ya sa jagora ke kashe fitilu a bayanku da zarar kun wuce.

Na shida, ka yi shiru ka saurara. A Waitomo babu inji babu filafili, matuƙi yana jan igiya ne a cikin duhu, sama da kanku dubban 'yan tsutsotsi suna ba da haske shuɗi-shuɗi kamar taurari, hoton su kuma yana kwance a kan ruwan. Ana roƙon kowa ya kame bakinsa. A wani kogon kuma jagora zai ce a kashe komai na ɗan lokaci. Za ka ɗaga hannu dab da hancinka ba ka gan shi ba. Sai kunne ya karɓi aiki: ɗigo a hagu, wani can nesa, ruwa na lasar gefen jirgi, numfashin na kusa da kai. Kada ka ciro waya a wannan lokaci, haskenta zai ɓata wa kowa. A Fostoina ka nemi ganin olm, wata farar halitta mai kama da ƙadangare, makauniya, da ke rayuwa cikin ruwan kogo, tana iya yin shekaru ba ta ci komai ba. A 2016 ƙwayayenta sun ƙyanƙyashe a can, a gaban masu kula da ita.

Idan kun fito, tsaya a inuwa kaɗan idonka ya saba da haske kafin ka taka matattakala ko ka kama tuƙi. In kuma kana da niyyar shiga wani kogon a wannan tafiya, wanke takalminka ka canza kaya. A Arewacin Amurka, wata cutar farin hanci da aka fara gani a jihar Niyok a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu, kuma ƙwayarta na iya bin takalmi daga wannan kogo zuwa wancan. Inda ka ga an shimfiɗa tabarmar magani a bakin ƙofa, taka ta da ƙafa biyu.