Yadda za ka ji wa'azi sarai da na'urar kunne a coci

Da shigarka, duba ƙofa ko bango. Hoton kunne da harafin T na nufin an kewaye ɗakin da waya mai ɗauko muryar makirufo, tana aika ta zuwa na'urar kunne ta hanyar maganaɗisu.

Zauna cikin da'irar. Wayar ba lallai ta kai kowane benci ba, gara ka tambayi mai tarbar baƙi.

Sai ka juya na'urarka zuwa T, wato saitin da ke kama saƙon wayar. Muryar fasto za ta shigo maka kai tsaye, babu amsa-kuwwa, babu hayaniyar yara. In ta yi rauni, ɗago kai, domin sunkuyawa na rage kamun maganaɗisun.

Da an tashi, mayar da na'urar M, wato saitin makirufonta na yau da kullum, kada a gaishe ka ka yi shiru.