Matakan Ziyarar Kwana Biyu a Birnin Paris Cikin Afrilu ko Mayu

1. Ka nemi bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, da wuri, tun kafin ka biya kuɗin masauki.

2. Ka sayi tikitin gidan tarihi na Louvre ta intanet, kuma ka tuna ba a buɗe shi ranar Talata. Gidan ya fi ƙarfin yini ɗaya, saboda haka gara ka zaɓi ɓangare biyu ka duba su a natse.

3. Da yamma ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889. Ka riƙe rigar sanyi da laima, domin ruwa kan sauko ba zato.

4. Washegari ka leƙa majami'ar Notre-Dame, wadda aka sake buɗewa a Disamba 2024 bayan gobarar 2019, sannan ka taka zuwa Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926. A gidan abincinsa za ka samu kuskus da shayin na'a-na'a, kuma wurin ya cancanci a daɗe.

5. A sauran gidajen abinci, inda cin dare kan fara wajen ƙarfe 7, ka tambaya ko an sa naman alade ko giya a girkin.