Darasi na Tara: Gyara Bayanan Fayil ɗin Sauti na FLAC da Rubutaccen Umarni

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san 'yar takardar nan da ake mannawa a jikinsa, a rubuta sunan mai wa'azi ko mawaƙi da biro. Kaset ɗin da takardarsa ta ɓare, sai an jefa shi a rediyo kafin a san abin da ke ciki. Fayil ɗin sauti na kwamfuta ma yana da irin wannan takarda, sai dai tasa a cikinsa take, ido ba ya ganinta sai manhaja ta karanto ta. Ita waya ke dubawa ta nuna muku sunan waƙa, da mai ita, da shekarar da aka ɗauka. Idan babu komai a rubuce, a nan ne za ku ga wayar ta jera muku Unknown artist sahu-sahu, ku yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya kuna neman wadda kuke so.

Ku lura da abu guda tun yanzu: sunan fayil daban, bayanan da ke cikinsa daban. Mutum zai iya sauya sunan fayil sau goma, waya ta ci gaba da nuna tsohon suna, domin ba can take dubawa ba.

Mene ne FLAC?

MP3 da muka saba da shi yana rage nauyin sauti ne ta hanyar zubar da wani sashe nasa, wanda aka ƙiyasta kunne ba zai damu da rashinsa ba. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. FLAC kuwa matse sautin yake yi ba tare da ya yar da komai ba, in aka warware shi sai ya dawo daidai yadda aka ɗauke shi. Sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a kowane minti idan an bar shi a WAV, wato tsarin da ba a matse sauti a cikinsa ba. FLAC yakan rage wannan zuwa rabi ko sama da rabi kaɗan, gwargwadon irin sautin. Wani mai suna Josh Coalson ne ya fara aikinsa a 2000, sigar 1.0 ta fito a 2001, sannan a 2003 ya koma ƙarƙashin gidauniyar Xiph.Org. Kyauta ne, ba a biyan kowa kafin a yi amfani da shi. Saboda haka masu adana tsofaffin kaset-kaset na tafsiri, da waƙoƙin baka, da hirar dattawa suke son sa. Amma kada wani ya ruɗe ku: mayar da MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da ingancin da ya riga ya zube, nauyi kawai zai ƙara muku.

Kayan aiki

Manhajar da za mu yi aiki da ita sunanta metaflac. Ba ta da maɓallan dannawa, rubuta mata umarni ake yi a baƙin allon nan da ake kira taminal. Tare take zuwa da manhajar flac. Mai Ubuntu ko Debian zai rubuta:

sudo apt install flac

Mai wayar Android da ya saka Termux, manhajar da ke ba waya taminal, zai rubuta pkg install flac, sannan termux-setup-storage domin ya iya kaiwa ga fayilolin da ke cikin wayar. Mai Windows zai sauko da ita daga shafin Xiph.Org. FLAC kaɗai take taɓawa. In kuka miƙa mata MP3 za ta ƙi, domin shi tsarin bayanansa daban ne.

A misalinmu, mun ɗauki muryar kaka tana ba jikoki tatsuniya, fayil ɗin kuma sunansa kaka01.flac. Kafin komai ku yi kwafinsa, ku yi koyo a kan kwafin. Wannan manhaja ba ta tambayar "ka tabbata?", kuma ba ta da hanyar komawa baya. Da kun danna Enter, aiki ya gama.

A duba kafin a taɓa

metaflac --export-tags-to=- kaka01.flac

Ku kula da rubutun da kyau. Karan ɗori biyu ne a gaban export, babu tazara kafin alamar daidai ko bayanta, sai kuma wani karan ɗori guda bayan alamar daidai, wanda ke nufin "nuna mini a allo". Yawancin kuskuren sabon shiga a wannan tazarar yake. Idan fayil ɗin yana da bayanai, za su fito layi-layi kamar haka:

TITLE=Track 1
ARTIST=Unknown

Kowane layi gurbi ɗaya ne: sunan gurbin a hagu, abin da aka zuba a ciki a dama. A cikin umarnin, inda duk kuka ga tag, gurbin ake nufi. Waɗanda za ku fi buƙata su ne TITLE na sunan abin da aka ɗauka, ARTIST na mai muryar, ALBUM na sunan tarin gaba ɗaya, TRACKNUMBER na lambar jeri, da DATE na shekara. Akwai kuma LOCATION na wurin da aka yi ɗaukar, da DESCRIPTION na ƙarin bayani. Waɗannan biyun mutane sun fi yin sakaci da su, alhali ga mai adana tarihi su ne suka fi tsada. Bayan shekara ashirin kowa zai gane muryar kaka, amma wa zai tuna a wane gari aka ɗauka, ko wa ya riƙe na'urar? Sunan gurbi da haruffan Turanci ake rubuta shi, babba ko ƙarami duk ɗaya ne a wurin manhajar, sai dai an saba da manya. Kuna ma iya ƙirƙirar naku gurbin, kamar MAIDAUKA, fayil zai riƙe shi, ko da yake yawancin wayoyi ba za su nuna shi ba.

Idan ba ku ga komai ba sai allo ya dawo yana jiranku, ba lalacewa ya yi ba, gurabun ne babu kowa a ciki.

Yanzu ku ajiye tsofaffin bayanan a gefe, ko da kuwa kuna ganin shirme ne:

metaflac --export-tags-to=tsoho.txt kaka01.flac

Rubuta sabon bayani, da tarkon da ke ciki

metaflac --set-tag="TITLE=Gizo da Ƙoƙi" kaka01.flac

Manhajar ba za ta ce muku komai ba. A wurinta shiru alamar an yi nasara ne, sai an samu matsala take magana. To, ku sake duba bayanan da umarnin farko. Ga abin da za ku gani:

TITLE=Track 1
ARTIST=Unknown
TITLE=Gizo da Ƙoƙi

Suna ya zama biyu. Umarnin set-tag ƙarawa yake yi, ba ya goge na da. Da gangan aka tsara shi haka, domin tsarin ya yarda gurbi ɗaya ya maimaitu: waƙar da mutum biyu suka yi tana iya ɗaukar ARTIST sau biyu, kowa da layinsa. Amma ga wanda ya zo gyara, wannan tarko ne. Wata wayar za ta nuna na farko, wata ta haɗa su biyun, mai gyara kuwa ya ɗauka umarnin bai ci ba, ya sake bugawa, suna ya zama uku. Hanyar da ta dace ita ce a cire sannan a saka, a layi guda:

metaflac --remove-tag=TITLE --set-tag="TITLE=Gizo da Ƙoƙi" kaka01.flac

Manhajar tana bin umarni daga hagu zuwa dama. In kuka juya jerin, kuka sa cirewa a ƙarshe, za ta rubuta sabon suna sannan ta share shi tare da tsohon.

Haruffanmu da waƙafin sama

A nan ne mai rubutun Hausa yake da tasa matsalar. Bayanan FLAC a tsarin UTF-8 ake ajiye su, wanda ya san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sarai, don haka babu dalilin rubuta Koki a inda ake nufin Ƙoƙi. Sharaɗin shi ne taminal ɗinku ma ya kasance a kan wannan tsari. Ku rubuta locale ku danna Enter. In kun ga UTF-8 a ƙarshen layin LANG, kun tsira. In ba haka ba, haruffa masu lanƙwasa suna iya shiga a lalace, kuma ba za ku sani ba sai kun duba.

Sai waƙafin sama, na wa'azi da sa'a da 'yan. A taminal na Linux wannan alama tana da nata aikin, buɗe zance take yi. Idan kuka rubuta wa'azi tsirara, taminal zai ɗauka kun buɗe zance ba ku rufe ba, sai ya sauko sabon layi ya nuna alamar > yana jira. Kada ku firgita. Ku danna Ctrl da C tare, ku sake rubutawa, wannan karon ku kewaye bayanin da alamar zance mai ƙafa biyu:

metaflac --remove-tag=TITLE --set-tag="TITLE='Yar sarki da ɗan maraya" kaka02.flac

Wannan alamar ce kuma take riƙe suna mai kalmomi da yawa ya zama abu guda. In babu ita, manhajar za ta ɗauki kalmar farko kawai, sauran ta ɗauka sunayen fayiloli ne, ta shiga nema ta rasa.

Wani abin kuma: a Nijeriya an fi rubuta 'yan, a Nijar ƴan. Duka biyun daidai ne, amma kwamfuta ba ta san ɗaya suke ba. Ku zaɓi guda ku tsaya a kai a duk tarinku, in ba haka ba ranar da kuka zo bincike rabi ne zai fito.

Fayiloli da yawa a lokaci guda

Amfanin rubutaccen umarni a nan yake fitowa. A ce tatsuniyoyi 40 ne a folda ɗaya, duk na kaka, duk na shekara ɗaya. Alamar tauraro tana wakiltar kowane suna:

metaflac --remove-tag=ARTIST --remove-tag=ALBUM --set-tag="ARTIST=Kaka" --set-tag="ALBUM=Tatsuniyoyin gidanmu" *.flac

Layi ɗaya, fayil 40. Kuskure ma haka yake yaɗuwa, don haka ku rubuta pwd ku ga a wace folda kuke, ku rubuta ls ku ga abin da ke ciki, kafin ku saki tauraro. Kuma kada ku haɗa TITLE ko TRACKNUMBER da tauraro, sai dai in kuna son tatsuniyoyin duka su amsa suna ɗaya.

Wanda ya fi sakewa da rubutu a fayil yana iya buɗe kwafin tsoho.txt, ya gyara layukan a natse, ya ajiye da sunan sabo.txt, sannan ya mayar:

metaflac --remove-all-tags --import-tags-from=sabo.txt kaka01.flac

Ta wannan hanyar ce kuma za ku dawo da tsofaffin bayanai in gyara ya ɓaci, ku sa tsoho.txt a madadin sabo.txt. Ku yi hattara da wani umarni mai kama da wannan, wato remove-all ba tare da tags a ƙarshe ba. Shi ba gurabu kaɗai yake sharewa ba, har hoto da sauran abin da aka ajiye a kan fayil ɗin yake kwashewa.

Hoton bango kuwa, wanda waya ke nunawa lokacin da sauti ke tafiya, da wannan ake saka shi:

metaflac --import-picture-from=hoto.jpg kaka01.flac

Ku rage girman hoton tukuna. Hoton kyamara mai megabait 5 a cikin kowane fayil ɓarnar memori ce kawai.

Shin sautin ya taɓu?

Ɗalibai sukan tambayi wannan, kuma tambaya ce mai kyau. Amsa ita ce a'a, kuma kuna iya tabbatarwa da kanku. Lokacin da aka yi fayil ɗin FLAC, ana lissafa wata doguwar lamba daga ainihin sautin, ana kiranta MD5, a ajiye ta a farkon fayil. Umarnin nan yana warware sautin gaba ɗaya, ya sake lissafin, ya gwada da lambar da aka ajiye:

flac -t kaka01.flac

In ya rubuta ok, sautin yana nan yadda yake. Wannan gwaji yana da amfani ko ba gyara kuka yi ba, musamman bayan kwafe fayiloli daga tsohon memori ko filashi da ake zargi.

Za ku kuma lura gyaran yana gamawa nan take ko da fayil ɗin babba ne. Dalili shi ne manhajar flac takan bar wani fili babu komai kusa da bayanan, kimanin kilobait 8 a fayil mai matsakaicin tsawo, domin gyaran gaba. Muddin sabon rubutu ya shiga wannan fili, ba a motsa sauran. Hoto ne yakan fi ƙarfin filin, sai a sake rubuta fayil ɗin duka, shi ya sa saka hoto yakan ɗan ɗauki lokaci. Kada ku zare filashi a wannan lokacin.

Aikin gida

Ku samo fayil uku na FLAC, ku kwafe su a sabuwar folda. Ku fitar da bayanan kowanne zuwa nasa fayil ɗin rubutu. Ku ba su ALBUM ɗaya da tauraro, sannan ku ba kowanne nasa TITLE da TRACKNUMBER. Aƙalla suna ɗaya ya ƙunshi harafi mai lanƙwasa, wani kuma waƙafin sama. A fayil na uku ku maimaita TITLE da gangan, ku buɗe shi a wayarku, ku rubuta a littafinku wanne ta nuna, sannan ku gyara shi. Ku gwada duka ukun da flac -t, ku zo da sakamakon aji na gaba.