Amofos da kiristal: inda ɗalibai ke yawan kuskurewa

Duk shekara idan WAEC ta matso sai na yi ta fama da yaran da nake wa lesin ɗin kimistiri kan kalmar nan amofos. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta marar siffa, to da yaro ya ji haka sai ya ɗauka duk abin da ya zama gari ko ya zo a dunƙule ba fasali shi ake nufi. Daga nan aka fara ɓata. Siffar da ake magana ba wadda ido ke gani ba ce, yadda atom, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, suka jeru a ciki ne. A kiristal suna nan kamar sahun sallar idi, layi bayan layi har ƙarshen fili, a amofos kuwa kamar 'yan kasuwar Kurmi ne ranar cunkoso, kowa na manne da na kusa da shi amma ba sahu.

Shi ya sa idan ka zuba gishiri a turmi ka daka shi ya yi laushi kamar hoda, yana nan a kiristal ɗinsa, kowane ɗan ƙwaya da sahunsa a ciki. Gilashin taga kuma da ka gan shi sumul an yanke shi kusurwa huɗu, amofos ne. Har kofunan nan masu walƙiya da ake sa wa amare a kabet ana ce musu kiristal, suna ne kawai na 'yan kasuwa, gilashi ne, kar ka rubuta su a jarabawa.

Wani wurin da ake zubar da maki shi ne narkewa. Kiristal yana da zafinsa guda da yake narkewa, ƙanƙara digiri 0, gishiri 801, kafin a kai wajen yana nan daram. Gilashi ba ya haka, laushi yake yi a hankali a hankali, ya zama kamar ƙaro, ya zama kamar zuma, shi ya sa maƙeran gilashi na Bida suke iya jan shi su murɗa su yi awarwaro da tsakiya. Don haka idan aka tambaye ka a wane zafi gilashi ke narkewa kar ka ƙirƙiro lamba ɗaya, ce yana laushi ne a tsakanin zafi kaza zuwa kaza.

Akwai masu zaton wai sinadarin ne ke sa abu ya zama ɗaya daga cikin biyun. A'a. Yashi yawancinsa silika ne a kiristal, a narkar da shi ya huce da sauri atom ba su samu sukunin shiga sahu ba, sai ya fito gilashi. Sukarin shayi kiristal ne, amma mintin nan mai tauri da kake tsotsa sukari ne da ya daskare a amofos. Gawayi da lu'ulu'u ma duk sinadarin kabon ne, amma gawayi amofos ne, lu'ulu'u kuwa, wato daimon, kiristal ne.

Sai labarin da har wasu malamai na maimaitawa, wai gilashi ruwa ne da ke gangarowa a ɓoye, hujjarsu tagogin tsofaffin coci-coci na Turai sun fi kauri a ƙasa. Wallahi ni ma na daɗe da yarda da shi. Ashe yadda ake ƙera gilashin a lokacin ne ba ya fitowa da kauri ɗaya, masu sakawa sukan juya gefen mai kauri ƙasa, har ana samun waɗanda kaurin yana sama.

Abin da nake sa yarana su yi shi ne su fasa babban ƙwayar gishiri da bakin wuƙa, za ta tsage fuska a miƙe sumul, sannan su ɗauko fasasshiyar kwalba su duba bakinta a hankali kar su yanke, za su ga ya lanƙwasa kamar cikin cokali.