Yadda zaka ciro tedi daga injin ƙugiya na wajen wasanni

Kasan injin gilashin nan da ake cikawa da tedi da 'yan tsana, ka jefa tokin, wato kwabon wasa, ka juya 'yar sanda, ƙugiya mai farce uku ta sauko ta cafki abu ta ɗaga? To mutane da yawa suna ɗauka hannunsu ne bai iya ba in sun rasa, alhali rabin maganar tana cikin injin ne, shi yasa nake so ka fara gane shi kafin ka saka ko sisi.

Ƙarfin riƙon ƙugiyar nan mai injin ne yake saita shi. Wuta ce ke shiga wani koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, a saman ƙugiyar ta matse faratan, in aka rage wutar sai riƙon yayi sanyi. Da yawa cikin na zamani ma saitin kashi biyu ne, akwai ƙarfin da take cafka dashi a ƙasa, akwai wanda take riƙewa dashi in ta hau sama, shi yasa zaka ga ta ɗago tedi tsaf har gabanka ya faɗi, tana kaiwa sama ta ɗan girgiza kawai ta sake shi. Wasu kuma an saita su ne sai an yi wasa sau kaza tukunna ta riƙe da cikakken ƙarfi sau ɗaya.

Saboda haka matakin farko ka tsaya gefe kayi kallo, bari wasu su buga sau huɗu ko biyar a gabanka. Idonka na kan faratan lokacin da suke rufewa, in ka ga suna zamewa a jikin tedi kamar ana shafa shi ko motsi bai yi ba, wallahi bar wannan injin ka nemi wani. In kuwa tana ɗagawa ko da rabi ne, akwai fata. Ka lura kuma ko ƙugiyar tana juyawa yayin saukowa, don wasu suna ɗan murɗewa, inda farce yake a sama ba nan zai sauka ba.

Sai zaɓen abin da zaka ɗauka, nan ne mafi yawa suke tafka kuskure, ido ya kan tafi kan mafi kyau ne, shi kuma mafi kyau sau tari an danna shi cikin 'yan uwansa an matse. Kai dai nemi wanda ke kwance a saman tulin babu abin da ya danne masa hannu ko ƙafa, mara nauyi, kuma kusa da ramin da kyauta ke faɗawa, don ko ƙugiyar ta sake shi a hanya zai iya gangarawa ciki. Mai zagaye kamar ƙwallo ko mai santsi ƙyale shi, haka wanda ya manne da gilashi, ƙugiyar bata kaiwa can sosai.

Yanzu saiti. Daga gaba idonka zai gane hagu da dama amma zai yaudare ka a gaba da baya, to ka daidaita daga gaba sannan ka zagaya ka leƙa ta gilashin gefe, ko in kuna biyu ɗaya ya tsaya can yana ce maka matsa kaɗan, dawo kaɗan. Akwai agogo mai ƙirga sakan, kada ya ruɗa ka, ka kai ƙugiyar wurin da wuri sannan ka bari ta daina lilo kafin ka danna. Ka nufi ƙirjin tedin, farce ɗaya ya shiga ƙarƙashin hammata sauran biyun su zagaye bayansa, kai da ƙafa zamewa suke. Wasu injinan in ka sake danna maballin tana cikin saukowa nan take zata rufe, gwada sau ɗaya ka gani, yana taimakawa sosai in kana so ta kama daidai wuya kafin ta nutse cikin tulin.

In riƙon ba ƙarfi amma tedin na kusa da rami, daina neman ɗagawa, ka sauke ƙugiyar a gefensa na nesa da ramin yadda in tana rufewa farce zai ja shi, sau biyu sau uku kana matso dashi har ya kife ciki. 'Yan Japan sun ƙware a wannan, nasu injin UFO Catcher da kamfanin Sega ya fitar a 1985 farce biyu gare shi, turawa da mirginawa ake yi, kuma a can in kaya ya karkace kana iya kiran ma'aikaci ya gyara maka zamansa.

Tun kafin ka fara ka yanke sau nawa zaka buga, ka ware tokin ɗin a hannu ɗaya sauran su zauna a aljihu. In kaga wani ya ci yanzun nan a injin da ka lura riƙonsa sai jefi-jefi yake ƙarfi, kada ka bi bayansa, wataƙila ƙirgen wasannin ya koma farko, matsa zuwa injin da ke kusa dashi.