Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaure ƙafar tsohon babur

Masu sha'awar tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph da Norton sukan ce gyaran inji ya fi ɗaurin ƙafa sauƙi. Inji yana da littafinsa, ita kuwa ƙafa mai wayoyi sai da ido da kunne da haƙuri. Kuma yawancin ɓarnar ana yin ta ne tun kafin a ɗaura waya ko guda.

Babban kuskure shi ne gaggawar yanke tsofaffin wayoyi. Mutum ya ga tsatsa ta cinye su, sai ya ɗauko almakashin ƙarfe ya datse, rim ya faɗi gefe, cibiya (ƙarfen tsakiyar ƙafa da wayoyi suke kamawa) ta faɗi gefe. To, ya zubar da abin da zai yi masa jagora. A babura da yawa rim ba ya zama daidai tsakiyar cibiya, ana ɗan gusar da shi gefe guda saboda birki ko sarƙa, kuma ƙafar gaba ta Norton Commando mai birkin faifai ta yi suna a wannan. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton ƙafar ta kowane gefe. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar cibiya, ka auna tazararsa da bakin rim, ka rubuta. Ka ƙirga wayoyi nawa kowace waya take gittawa. Sannan ka kwance waya ɗaya daga kowane iri ka adana. Idan kuwa an riga an yanke, sai ka ɗaura ƙafar sako-sako, ka sa ta a jikin babur, ka daidaita rim da tsakiyar firam kafin ka matse. Aiki ne biyu, amma babu makawa.

Na biyu, sayen rim da ƙirgen rami kawai. Manyan baburan Ingila galibi waya 40 ne, ƙananan na Japan kamar Honda CG125 da muka saba gani a titunanmu waya 36. Amma ko ƙirge ya yi daidai, magana ba ta ƙare ba. Kowane rami an huda shi ne a karkace domin ya fuskanci raminsa a cibiya. Rim ɗin da aka huda wa ƙaramar cibiya ba zai dace da mai faɗin birki ba, balle irin cibiyar nan mai fuska ɗaya babba ɗaya ƙarama da Triumph da BSA suka fito da ita a 1971. Alamar kuskuren a fili take: waya tana lanƙwasa a bakin notinta, wato wanda ke riƙe ta a ramin rim, kuma a nan za ta karye. Gwajin ba wuya: zura noti da waya a ramin, ka ga inda ta nufa da kanta. Faɗi ma a kula da shi. A ma'aunin da ke jikin rim ɗin Dunlop, WM2 inci 1.85 ne, WM3 kuma 2.15.

Na uku, haɗa wayoyi wuri guda kamar tsintsiya. Ƙafa ɗaya tana iya ɗaukar iri biyu, har huɗu: na ciki da na waje lanƙwasar kansu ta bambanta, na ɓangaren birki kuma sau da yawa sun fi gajarta. A ware su, a fara sa na ciki.

Masu son ƙyalli suna sayen waya da noti duka na ƙarfen da ba ya tsatsa, su ɗaure a bushe. Zaren sai ya cije, ba gaba ba baya. A shafa ɗan mai ko giris a zaren, kuma notin tagulla ya fi zama lafiya da irin wannan waya.

Wajen matsewa ne ake gane gwani. Sabon hannu yakan matse waya ɗaya tam kafin ya wuce ta gaba, ƙafa ta fito kamar ƙwai. Ana bi ne zagaye-zagaye, rabin juyi ko kwata, a fara gyara tsallen sama da ƙasa, sannan rawar hagu da dama. In ka matse gefe guda, sassauta na kishiyarsa. Ka nemi rawar ta dawo ƙasa da milimita ɗaya. Amma kada ka wahalar da kanka a wurin waldar rim, ɗan tsallen nan tun daga masana'anta yake, sifana ba ta cire shi. Daga nan ka bi wayoyin kana ƙwanƙwasa su: wadda ta matsu takan yi ƙara tsaf, mai sako-sako kuma sai ka ji ta dusashe. Masu gyaran keke na bakin kasuwa sun daɗe da sanin wannan.

Kafin a sa taya, shafa yatsa a cikin rim. Duk bakin wayar da ya leƙo ta saman noti a goge shi da magagari, a shimfiɗa robar kariya, in ba haka ba sabon tiyub ba zai kai ko'ina ba. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, wayoyi sun zauna, a ɗaga babur a sake bin su da sifana.