Yadda ake kai ƙara a Legas idan wani ya yaudari yaro ta intanet

Idan ɗanka ko 'yarka ta zo jiki na rawa ta ce wani a WhatsApp ko Facebook ya karɓi hotonta na tsiraici, yana barazanar watsawa, fara danne fushinka. Kada ka ɗaga mata hannu. Da tsoron dukanka mugun yake riƙe da ita tun farko.

Karɓi wayar, kada ka goge komai. Ɗauki hoton saƙonnin, da lambar mutumin, da sunan da yake amfani da shi, da asusun da ya ce a tura kuɗi. Hoton tsiraicin kuwa kada ya je wayar kowa, ko ƙaninka ne kake neman shawararsa. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yaɗa irin wannan hoto na wanda bai kai shekara 18 ba, hukuncinsa har ɗaurin shekara 10. Ko sisi kada ka biya. Wanda aka ba yau, gobe ma zai dawo.

Sai ka kira hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da cin zarafi, a 08000333333, kyauta ne. In mutumin ya san gidanku, kira 767 ko 112 nan take. Idan har ya yi lalata da ita, ku wuce Cibiyar Mirabel da ke asibitin LASUTH a Ikeja, ana duba yara kyauta. Kada ku bari awa 72 ta wuce, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. In Turanci na ba ka wahala, tafi da wanda ka amince da shi.

Nan ne muke yawan zamewa. A Agege, Idi-Araba ko Mile 12, da zarar an gano mai laifin ɗan unguwa ne, sai manya su taru a ce a rufa asiri, a yi sulhu, a bar wa Allah. Ina girmama dattawanmu ƙwarai, amma wannan laifi ba na zaure ba ne. Asirin wa ake rufawa? Yarinyar tana kwana da fargaba, shi kuma wayarsa cike take da lambobin 'ya'yan wasu. Tun 2018 akwai kotu ta musamman a Ikeja mai sauraron laifukan lalata, can ya dace maganar ta je.

Bayan hukuma ta ga shaidar, ku kai rahoton asusunsa a manhajar, ku toshe shi. Shafin Take It Down kuma yana taimakawa a cire hoton daga Facebook, Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayarku ba.